Shin Kowa Ake Kira? Muhawarar Kiristoci a Kan Ƙaddara da Abin da Ta Tuna Mini



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda iliminsa ya kewaye komai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Matashiya

Ya ɗan'uwa mai karatu, akwai wata magana da ta yi sauƙi a bakunanmu alhali tana da nauyi ƙwarai a ma'auni, wato cewar da mukan yi, "Ai wane ba mai shiryuwa ba ne." Ina jin ta a Birnin Kudu inda nake karantarwa a Islamiyya, ina kuma jin ta a Gwaram inda dangina suke. Uwa takan faɗe ta a kan ɗanta da ya faɗa shaye-shaye, malami yakan faɗe ta a kan ɗalibin da ya gagare shi, matashi yakan faɗe ta a kan maƙwabcinsa wanda ba Musulmi ba. Mafi muninta kuwa ita ce wadda mutum yake faɗa a kan kansa. Daga nan sai a toshe bakin maganar da cewa haka Allah ya rubuta, kowa ya kakkaɓe rigarsa ya tashi.

A wannan karon ina so mu biyo wa wannan magana ta wata hanya da ba mu saba bi ba, wato ta muhawarar da Kiristoci suka shafe kusan shekara 1,600 suna yi a tsakaninsu a kan ƙaddara, da kuma tambayar ko kiran tsira na kowa da kowa ne, ko kuwa na wasu zaɓaɓɓu ne kawai. Aƙidarmu muna ɗaukar ta ne daga Alƙur'ani da Sunna, wannan babu ja. To amma Bahaushe ya ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen nan sun yi tafiya mai nisa a cikin wannan mas'ala, wasunsu sun kai har inda mai wa'azi ya ji tsoron ce wa mai zunubi ya tuba. Sanin yadda aka yi suka kai can zai taimake mu mu gane irin ramin da maganar da na ambata a sama take jan mu zuwa gare shi.

Yadda na ci karo da mas'alar

Na fara jin sunayen Kalbin da Arminiyus ne a jami'a, a darasin kwatanta addinai, na haddace su don jarrabawa kamar yadda kowa ya yi. Ban ga mas'alar tana numfashi ba sai a wata shekara da na koyar da Larabci a wata makarantar sakandare a ƙasar Gwaram, aka turo mana matasa biyu Kiristoci masu yi wa ƙasa hidima. Ɗaya Batibi ne daga Binuwai, ɗan ikkilisiyar NKST, ɗayan kuma ya tashi ne a gidan 'yan Metodis. Ɗaki ɗaya suke kwana, tukunya ɗaya suke ci, littafi ɗaya suke karantawa, amma da zarar an tashi daga makaranta an zauna a gindin darbejiya sai gardama ta kaure. Na farkon yana cewa Allah ya riga ya zaɓi waɗanda za su tsira tun kafin a halicci duniya, kuma babu hannun ɗan'adam a cikin wannan zaɓi. Na biyun yana cewa in haka ne, to da wace fuska mai wa'azi zai tsaya a gaban jama'a ya ce musu ƙofa a buɗe take ga kowa? Ni da nake gefe ina gyaran takardun ɗalibai sai na ji kamar ina zaune a zaure ana karanta babin Jabariyya da Ƙadariyya. Wannan ne ya sa na koma na bibiyi tarihin gardamar tasu.

Daga Afirka aka faro

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne a nahiyarmu aka kunna wutar. Agustin, wanda aka haifa a shekarar 354 ya rasu a 430, limamin Kirista ne a birnin Hippo, inda a yau ake kira Annaba a ƙasar Aljeriya. Ya koyar da cewa zunubin Annabi Adamu ya bi jinin 'ya'yansa duka, ta yadda kowane jariri ana haifarsa da laifi a wuyansa, kuma nufin ɗan'adam ya gurgunce, ba ya iya juyowa zuwa ga Allah da kansa. Saboda haka wanda duk ya tsira, to alherin Allah ne zalla ya tsamo shi, kuma Allah yana bai wa wanda ya zaɓa wannan alheri. Wani mai zuhudu daga Birtaniya da ake kira Felajiyus ya ƙi wannan magana. A ganinsa Allah ba zai umarci mutum da abin da ba zai iya ba, kuma koyarwar Agustin tana bai wa malalata mafaka. Taron limamai da aka yi a Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, a shekarar 418 ya la'anci ra'ayin Felajiyus, amma tambayar ba ta mutu ba. A ƙarni na 9 wani malami Bajamushe mai suna Gottschalk ya ce Allah ya ƙaddara wa wasu tsira, ya ƙaddara wa wasu halaka, aka yanke masa hukunci a 848 da 849, ya ƙare rayuwarsa a tsare.

Kowane ɓangare yana da abin kamawa a littafinsu. Masu ƙarfafa zaɓi suna kafa hujja da babi na 9 na wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, inda aka kawo zancen fifita Yakubu a kan Isuwa tun ba a haife su ba, da misalin maginin tukwane da yumɓunsa. Masu cewa kira na kowa ne suna kafa hujja da babi na 2 na wasiƙa ta farko zuwa ga Timoti, inda aka nuna Allah yana son dukkan mutane su tsira. Aikin da ya gagari kowa shi ne haɗa nassoshin biyu ba tare da an danne ɗaya ba.

Kalbin, Arminiyus da taron Dort

Da aka zo zamanin da Furotesta suka ɓalle daga Katolika a ƙarni na 16, sai mas'alar ta dawo sabuwa fil. Jon Kalbin, Bafaranshe da ya zauna a Janiba ya rasu a 1564, ya tsara koyarwar Agustin ya kai ta maƙura: akwai zaɓaɓɓu, akwai kuma yasassu, kuma duka biyun hukunci ne na tun azal. Bayan rasuwarsa wani malamin jami'ar Laidin a ƙasar Holan, Yakubu Arminiyus, wanda shi ma a makarantar Janiba ya yi karatu, ya fara ja da baya. Ya rasu a 1609, kuma a 1610 almajiransa suka miƙa wa hukuma takardar ƙorafi mai ɗauke da maganganu 5. Jigonsu shi ne Allah yana zaɓar wanda ya san zai yi imani, fansar da suke jingina wa Almasihu ta kowa ce, kuma mutum yana iya ture alherin da aka miƙo masa.

Rigimar ta kusa jefa ƙasar cikin yaƙin basasa. Aka kira babban taro a garin Dort daga Nuwamba 1618 zuwa Mayu 1619, wakilai suka zo har daga Ingila da Suwizalan da wasu yankunan Jamus. Taron ya yi watsi da ra'ayin mabiya Arminiyus, ya tabbatar da cewa mutum ya lalace gaba ɗaya, zaɓin Allah ba shi da sharaɗi, amfanin fansa yana tabbata ne ga zaɓaɓɓu, alherin da ke juya zuciya ba ya komawa hannu rabbana, kuma zaɓaɓɓe ba ya ɓacewa a ƙarshe. Kimanin limamai 200 aka raba da mumbarinsu, babban ɗan siyasar ƙasar da ke kare su kuma aka fille masa kai a watan Mayu na 1619. Sai dai adalci ne a faɗa cewa shi kansa taron Dort ya rubuta cewa wajibi ne a yi shelar bishararsu ga dukkan mutane ba tare da bambanci ba, kuma kiran da ake yi musu na gaske ne. Wato sun riƙe zaɓi da hannu ɗaya, sun riƙe kira da ɗaya hannun. Waɗanda suka biyo baya ne wasunsu suka saki hannu guda.

Lokacin da mai wa'azi ya yi shiru

A Ingila ta ƙarni na 18 an samu wasu majami'u na Baftis da suka bi lissafin har ƙarshensa. Suka ce tunda tsira ta zaɓaɓɓu ce, kuma wanda ba a zaɓa ba ba zai iya imani ba, to miƙa masa tayin tsira yaudara ce, kuma shiga hurumin Allah ne. Limaminsu yakan yi huɗuba ga waɗanda suka riga suka yi imani, ba ya ce wa sauran komai. A irin wannan majami'a Andrew Fuller ya tashi, ya daɗe yana saurayi cikin ƙunci yana laluben wata alama a zuciyarsa da za ta nuna masa yana da izinin neman gafara. Da ya girma, bai bar aƙidar zaɓi ba, amma a 1785 ya wallafa littafin da ya kafa hujja cewa imani wajibi ne a kan duk wanda ya ji kira, don haka wajibi ne a kira kowa. Shekara 7 bayan haka, a 1792, shi da abokansa suka kafa ƙungiyar mishan ta Baftis, wadda ta tura William Carey ƙasar Indiya a 1793. Mai karatu ya lura da wannan: amsar da aka bai wa wata tambaya ta ilimin tauhidi ita ce ta fitar da mutane daga ƙauyukan Ingila zuwa nahiyoyin duniya, kuma guguwar mishan da ta biyo baya har ƙasarmu ta iso.

A cikin wannan ƙarni ne kuma abokai biyu, Jon Wesli wanda ya kafa tafarkin Metodis da Joj Witfild, suka raba gari. Wesli ya yi huɗuba a 1739 yana sukar koyarwar ƙaddarar halaka, Witfild ya rubuto masa martani a ƙarshen 1740, mabiyansu suka rabu gida biyu. Duk da haka su biyun ba su fasa tsayawa a filaye suna kiran masu haƙar kwal da talakawa ba, kuma da Witfild ya rasu a 1770 Wesli ne ya yi huɗubar tunawa da shi. Can a Amurka ma, a 1924, majalisar wata ikkilisiya ta 'yan asalin Holan mabiya Kalbin ta zartar cewa tayin tsira da ake yi wa kowa tayi ne na gaskiya daga Allah. Wani limami mai suna Herman Hoeksema ya ƙi amincewa, aka tuɓe shi, shi da mabiyansa suka kafa tasu ikkilisiyar.

Gardamar ta iso Arewa

Kada mai karatu ya ɗauka labarin Turai ne kurum. A 1911 'yan mishan mabiya Kalbin daga Afirka ta Kudu suka fara aiki a ƙasar Tibi, daga aikinsu ne NKST ta fito. A 1920 wata mata daga waccan ikkilisiya ta Amurka da na ambata, Johanna Veenstra, ta iso Nijeriya ta yi aiki a Lupwe kusa da Takum, daga nan ne asalin CRCN. A gefensu kuma akwai 'yan Metodis da 'yan Luta da wasunsu, kowa da fahimtarsa. A 1955 da yawansu suka haɗu a wata tarayya mai sunan Hausa, wadda daga baya aka san ta da TEKAN, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, suka kuma buɗe kwalejin horar da limamai ta haɗin gwiwa a 1959, wadda ake kira TCNN, tana Bukur kusa da Jos. Tibi ba su gamsu a cakuɗa 'ya'yansu da koyarwar wasu ba, suka nace sai an ba su makaranta mai bin tafarkin Kalbin tsantsa, aka buɗe ta a Mkar a 1971.

Shugaban farko na waccan kwaleji ta haɗin gwiwa shi ne Harry Boer, ɗan mishan wanda shi kansa mabiyin Kalbin ne. Bayan ya shafe shekaru masu yawa a Arewacin Nijeriya, a 1977 ya shigar da ƙorafi a gaban majalisar ikkilisiyarsa a Amurka, yana cewa sassan hukuncin Dort da ke magana a kan yasassu tun azal ba su da madogara a littafinsu. Majalisar ta yanke hukunci a 1980, ba ta goge sassan ba, shi kuma ya wallafa littafi a kan batun a 1983. Abin da ya ja hankalina shi ne wanda ya ɗaga murya mutum ne da ya yi rayuwarsa a fagen kira, yana kallon idon mutanen da yake wa magana. Wuya ne ka zauna da mutum, ka ci tuwonsa, ka san sunayen 'ya'yansa, sannan ka natsu da tunanin cewa wataƙila an rufe masa ƙofa tun ba a halicce shi ba.

Inda muka rabu da su

Wajibi ne a nan in tsaya in bambance, don kada wani ya ce duk kanwar ja ce. Tubala biyu da aka gina gardamar Kiristoci a kansu babu su a Musulunci. Na farko shi ne zunubin gado. A wurinmu Annabi Adamu (AS) ya tuba an karɓi tubansa, kowane jariri ana haifarsa a kan fiɗira, kuma babu rai da ke ɗaukar nauyin wani. Na biyu shi ne fansa ta hanyar gicciye, wanda Suratun Nisa'i ta kore aukuwarsa. Don haka tambayar wa aka fansa da wa ba a fansa ba ba ta da wurin zama a gidanmu.

Amma tambayar yadda za a haɗa ƙaddarar Allah da alhakin bawa ta ziyarce mu tun sahabbai suna raye. Hadisin farko a Kitabul Imani na Sahihu Muslim ya nuna cewa Ma'abadul Juhani ne ya fara musun ƙaddara a Basra, kuma Abdullahi ɗan Umar (RA) ya barranta daga masu wannan ra'ayi. A ɗaya gefen Jahamu ɗan Safwan, wanda aka kashe a shekara ta 128 bayan Hijira, ya ce bawa tilasta shi aka yi, ba shi da zaɓi. Ahlus Sunna suka tsaya a tsakani: Allah ya san komai, ya rubuta, ya nufa, ya halitta, kuma bawa yana da nufi da iko na gaske waɗanda a kansu ake yi masa hisabi. Duk wanda ya karanta babin farko na Risala ta Ibnu Abi Zaid a zaure, ko ya haddace hadisi na 2 da na 4 a Arba'una, ya riga ya gamu da wannan.

Malamanmu sun warware ƙullin da rarrabewa guda biyu. Sun ce nufin Allah iri biyu ne: akwai nufi na gudanar da halitta, wanda babu makawa sai ya auku ko da abin ba abin so ba ne, akwai kuma nufi na shari'a, wato abin da Allah yake so yake kuma umarni da shi. Aya ta 7 a Suratuz Zumar ta nuna Allah ba ya yarje wa bayinsa kafirci, alhali kafirci yana aukuwa a mulkinsa. Sun kuma ce shiriya iri biyu ce: shiriyar nuni da bayani, wadda aka ɗora wa Manzo da magadansa, kamar yadda ƙarshen Suratush Shura ya nuna, da shiriyar dacewa, wadda ke hannun Allah shi kaɗai, kamar yadda aya ta 56 a Suratul Ƙasas ta nuna a kan Abu Ɗalib. Ta farko aikinmu ce, kuma ta game kowa, domin aya ta 158 a Suratul A'araf ta tabbatar da cewa an aiko Annabi (SAW) zuwa ga mutane baki ɗaya. Ta biyu gaibu ce. Imamu Ɗahawi ya siffanta ƙaddara da cewa asiri ne da Allah ya ɓoye har ga mala'iku da annabawa.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ƙissar Fir'auna a Suratu Ɗaha. Allah ya san a cikin teku zai ƙare, amma ya aiki annabawa biyu zuwa gare shi, ya kuma umarce su da su tausasa masa magana. In har wanda Allah ya san ƙarshensa ya cancanci a je masa da lafazi mai taushi, ina ga yaron unguwarmu wanda babu wanda ya san ƙarshensa? Haka nan Bukhari ya ruwaito cewa bayan yaƙin Uhudu Annabi (SAW) ya yi addu'a a kan wasu shugabannin Ƙuraishawa, Safwan ɗan Umayya da Suhailu ɗan Amru da Harisu ɗan Hisham, sai aya ta 128 a Ali Imrana ta sauka tana mayar da al'amarin ga Allah. Dukkansu uku sun musulunta daga baya. Kuma lokacin da sahabbai suka tambaya ko su dogara da abin da aka rubuta su bar aiki, amsar da aka ba su ita ce su yi aiki.

A zauren Islamiyya

Wani zai ce ai mu ba mu da malamin da ya hana a kira mutane zuwa ga tuba. Gaskiya ne, a littafi ba mu da shi. Amma a aikace fa? Akwai shekarar da muka zauna taron malamai a kan wani ɗalibi ɗan shekara 16 da aka kama da ƙwaya a aljihu, karo na uku. Wani abokin aikina, mutumin kirki mai kishin makarantar, ya ce, "Malam, mu daina wahalar da kanmu. Wanda Allah ya ɓatar babu mai shiryar da shi. Ka san gidan da ya fito." Maganarsa ta farko ma'anar aya ce, amma ya sanya ta inda ba a ajiye ta ba, domin ayar labari take bayarwa a kan ikon Allah, ba ta miƙa mana jerin sunaye ba. Maganarsa ta biyu kuwa zunubin gado ne ya shigo mana ta taga, sanye da rigar karin maganar nan ta barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na tunatar da mu hadisin da ke cikin Bukhari na mutumin da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda shan giya, har wani ya tsine masa, sai Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, amma ba a cire shi daga cikin jama'a ba.

Mun daɗe muna ja-in-ja, domin su ma masu cewa a kore shi suna da hujja: akwai yara ƙanana da ake tsoron ya lalata, kuma haƙƙinsu yana wuyanmu. A ƙarshe aka raba shi da ajinsu, aka mayar da shi karatun bayan Magariba tare da manya, aka kira kawunsa aka ɗora masa sa ido. Yakan zo, yakan kuma yi fashi. Abin da na fi riƙewa shi ne amsar da ya ba ni ranar da na tambaye shi dalilin da ya sa ba ya sallah. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ai kowa ya ce ni ɗan wuta ne, to me sallar za ta ƙara mini?" Yaron nan bai taɓa jin sunan Jahamu ko na Kalbin ba. Daga bakinmu ya koyi Jabariyanci, a gida da kan titi da makaranta. Ƙuncin da Andrew Fuller ya shiga yana saurayi, na jin cewa ba shi da izinin neman gafara, shi ne muka jefa shi a ciki, alhali aya ta 53 a Suratuz Zumar ta hana waɗanda suka yi wa kansu ɓarna yanke ƙauna daga rahamar Allah.

Mu mutanen Birnin Kudu mun san zanen dutse da idonmu, ga shi nan a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, hotunan shanu da aka zana tun zamanin da ba a san masu zanen ba, har yau ba su goge ba. Shi ya sa karin maganar nan ta hali zanen dutse take da daɗin faɗa a bakinmu. To amma zuciya ba dutse ba ce. Addu'ar da Annabi (SAW) ya yawaita yi ta neman tabbatar zuciya tana nuna cewa zukata jujjuyawa suke yi. Umar ɗan Khaɗɗabi (RA) ya taɓa zama wanda Musulmin Makka suka fi tsoro. Hadisi na 4 a Arba'una da muke sa yara su haddace yana yanka ne ta fuska biyu: yana hana mai ibada ya saki jiki, yana kuma hana a yanke wa mai saɓo ƙauna. Mu kuwa mun riƙe shi muna tsoratar da wasu, mun bar rabin da ke ba su fata.

Haka abin yake game da maƙwabtanmu waɗanda ba Musulmi ba, ma'aikatan asibiti ne, ko masu shago, ko masu yi wa ƙasa hidima, ko mutanen ƙauyukan da muke cin kasuwa ɗaya da su a Sara da Basirka. Hukuncin shari'a a kan imani da kafirci a bayyane yake, ba mu sassauta shi don neman yardar kowa. Amma makomar wane ɗan wane, wanda har yanzu yana numfashi, ba a ba mu saninta ba. Matashin da yake zagin maƙwabcinsa a intanet yana kiransa makamashin wuta ya tambayi kansa: ya taɓa yi masa bayanin Musulunci sau ɗaya cikin mutunci? Ya taɓa gaishe shi da jiki ranar da ya kwanta ciwo? In bai yi ba, to ya bar aikin da aka ba shi ya hau kujerar da ba tasa ba. Muslim ya ruwaito labarin mutumin da ya rantse cewa Allah ba zai gafarta wa wane ba, sai aka gafarta wa wancan, aka rushe aikin mai rantsuwar.

Kammalawa

Manomin gero ko riɗi a ƙasar Gwaram ya yi imani cewa abin da zai girba rubutacce ne, amma ban taɓa ganin wanda ya ƙi fita shuka ranar da aka yi ruwan farko don wannan dalili ba. Yana zuba iri a kowane rami, domin ba a gaya masa wanne zai tsiro ba. A sha'anin abinci mun fahimci ƙaddara daidai. A sha'anin shiriyar mutane ne muke karkata, saboda kiran mai taurin kai yana da gajiyarwa, yanke masa hukunci kuwa ba ya cin ko sisi.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, ga abin da nake roƙon kaina da kai. Idan ƙaddara ta zo a kan musibar da ta riga ta wuce, mu rungume ta, ita ce sanyin zuciyar mumini. Idan kuwa aka kawo ta don a rufe ƙofa a fuskar mai rai, ko don mutum ya rufe wa kansa, mu ƙi karɓa, domin irin wannan hujja ce mushirikai suka kafa a aya ta 148 ta Suratul An'am, aka kuma mayar musu da ita. Idan akwai wanda ka cire sunansa daga addu'arka, ƙaninka ne ko ɗalibinka ko maƙwabcinka, ka mayar da shi a sujadarka ta yau. Idan kuma kai ne aka daɗe ana gaya wa cewa ba ka da rabo, to ka sani wanda ya gaya maka bai ga Lauhul Mahfuz ba. Tashi ka yi alwala.

Allah ya shirye mu, ya shiryar da mu, ya sa mu zama sanadin shiriyar wasu, ya kuma kyautata ƙarshenmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, Shi ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.